Gashi a Gaban Baƙo: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Teppanyaki da Liyafar Abokai a Garwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire a Yelwa, cikin Garwa, bayan sallar Isha'i, ya riga ya san rabin abin da ake kira teppanyaki, ko da kunnensa bai taɓa jin sunan ba. Kai za ka nuna tsokar da kake so, a yanka ta a gabanka, a ɗora a wuta kana kallo, a miƙo maka ɗanɗano a bakin wuƙa, ka ce a ƙara yaji ko a bar shi haka. Ragowar rabin kuwa kujera ce mai laushi, da na'urar sanyaya ɗaki, da kuku mai doguwar hula, sai takardar kuɗi mai nauyi idan an gama.

Abin da ya kawo maganar shi ne hotunan bidiyon da ke yawo a wayoyin samari da 'yan mata. Za ka ga mutum takwas ko goma sun kewaye wani faffaɗan ƙarfe, kuku yana juya wuƙa a iska, yana cilla ƙwai sama yana tare shi da gefen cokalin suya, sai wuta ta tashi fuu, kowa ya ja da baya yana dariya, daga nan a kawo kek da kyandir a yi wa ɗaya daga cikinsu murnar ƙarin shekara. Mai kallo a Garwa ko Marwa ko Ngaundare sai ya ɗauka wata tsohuwar al'adar Japanawa ce da ake yi wa mai zagayowar ranar haihuwa. Ba tsohuwa ba ce, kuma yawancin abin da ke cikin hoton ba daga Japan ya fito ba.

Ma'anar sunan da asalinsa

Kalmar haɗi ce ta guda biyu. Teppan farantin ƙarfe ne, yaki kuma gashi ko suya. Ke nan gashi a kan ƙarfe, babu wani sirri bayan wannan. Ƙarfen shimfiɗaɗɗe ne mai kauri, a wasu gidajen ya kai kaurin yatsa ko ya fi, ana hura masa wutar gas ko ta lantarki daga ƙasa, masu cin abinci kuma suna zaune a bakinsa. A Amurka da yawa suna ce masa hibachi, amma a Japan hibachi kaskon gawayi ne na jin ɗumi, kamar wanda tsofaffinmu ke ajiyewa a ɗaka lokacin hunturu.

Japanawa ba su daɗe da cin naman shanu a fili ba. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman wasu dabbobi, har da saniya da doki da kaza, kuma tasirin addinin Buddha ya sa ƙyamar naman dabba mai ƙafa huɗu ta zauna a ƙasar sama da shekara dubu. Kifi da shinkafa da waken suya su ne abinci, saniya kuwa ta noma ce da jan kaya. Sai a 1872 aka bayyana wa jama'a cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, don a nuna zamani ya juya. Mu da muka buɗe ido muka tarar da Sarkin Fawa a fadar kowane lamiɗo, mun riga su shiga wannan sana'a da nisa.

Gidan abincin da ke cewa shi ya fara gasa naman sa a kan ƙarfe a gaban baƙi sunansa Misono, a birnin Kobe, shekarar 1945, wato shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Mai gidan, Shigeji Fujioka, ya fara ne da okonomiyaki, wata irin wainar fulawa da kabeji da ake soyawa a kan ƙarfe. Kobe gari ne na bakin teku, sojojin Amurka sun cika shi a lokacin, su kuma nama suke nema. Ya ɗora musu nama a kan ƙarfen wainar, ya ga suna jin daɗin kallon aikin kamar yadda suke jin daɗin cin abincin. Tun daga farko, baƙi sun fi 'yan ƙasa son abin.

Wasan wuƙa da tada wuta kuwa a New York suka samu gindin zama. Wani saurayi ɗan Tokyo, Hiroaki Aoki, wanda aka fi sani da Rocky, ɗan kokawa ne da ya je Amurka ya zauna. Ya yi tallar askirim a mota a unguwar Harlem har ya tara dala 10,000, ya buɗe gidan abinci mai tebur huɗu kacal a 1964, ya sa masa suna Benihana, sunan shagon shan gahawa na iyayensa a Tokyo. Ya lura Amurkawan lokacin suna tsoron abincin da ba su sani ba, don haka bai ba su komai ba sai abin da suka saba: naman sa, kaza, jatan lande. Ya kuma sa masu girkinsa su riƙa wasa da barkwanci. Watannin farko babu ciniki, sai da wata marubuciyar abinci, Clementine Paddleford, ta yaba gidan a jarida, sannan mutane suka yi ca.

Akwai lissafin kasuwa a ƙarƙashin wasan, kuma lissafin ne ya sa tun 1972 ake karantar da labarin Benihana a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard. Mutum ɗaya ne kuku, shi ne mai raba abinci, shi ne mai nishaɗantarwa. Tunda a gaban baƙi ake girki, ba a buƙatar babban kicin a baya, filin ya koma wurin zama. Kayan abinci kala uku ko huɗu ne, saboda haka asara kaɗan ce. Tebur na mutum takwas ne, idan ku huɗu ne sai a haɗa ku da wasu huɗun da ba ku sani ba. Da kuku ya goge ƙarfensa ya rusuna ya tafi, kowa ya san zama ya ƙare, wasu na jiran kujera. Mai shayin da ke soya wainar ƙwai da taliya a bakin kasuwar Garwa, ya sa benci uku ya kewaye teburinsa, da wannan lissafin yake aiki, sai dai shi ba a rubuta littafi a kansa ba.

A Japan kanta, gidan teppanyaki na gaske wuri ne mai natsuwa. Kuku yana yanka nama a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa, ba ya cilla komai.

Me ya haɗa shi da ranar haihuwa?

Tsarin zaman ne. A teburin abinci na yau da kullum, mutum goma da ba duka suka san juna ba sai sun yi ta neman abin faɗa. Abokin makaranta na gefe guda, abokin aiki na ɗaya gefen, kowa ya sunkuya kan wayarsa. A bakin ƙarfe kuwa idon kowa na wuri ɗaya, dariya na zuwa lokaci ɗaya, abinci na zuwa kaɗan-kaɗan, babu wanda ya gama ya bar wani. Mai bikin ba sai ya yi ta kai da komo tsakanin baƙinsa ba, wuta ta ɗauke masa wannan aikin. Gidajen abincin sun gane haka, shi ya sa da yawansu ke sa ma'aikata su zo su yi waƙa, su ɗauki hoto, su kawo ɗan kayan zaƙi kyauta.

Su ma Japanawan bikin ranar haihuwa baƙo ne a wurinsu. A tsohon lissafinsu jariri na da shekara ɗaya ranar da aka haife shi, kuma kowa a ƙasar na ƙara shekara tare ranar sabuwar shekara. Sai da wata doka ta fara aiki a 1950 sannan ƙidaya daga ranar haihuwa ta zama ita ce ta yau da kullum. Abin da suka daɗe suna girmamawa shi ne wasu shekaru na musamman, kamar cika 60, inda ake sa wa dattijo jar riga da jar hula.

Wannan ba zai ba ɗan arewacin Kamaru mamaki ba. Dubi katin shaidar dattawa da yawa, za ka ga an rubuta da Faransanci cewa an haife su wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. Wasu kuma ranar 1 ga Janairu aka liƙa musu a ofis don a cike gurbi. Kakanninmu da abin da ya faru suke ƙidaya: shekarar fara, shekarar da aka naɗa lamiɗo wane, shekarar da aka datse ruwa a Lagdo. Bukukuwanmu na asali su ne suna ranar bakwai, da saukar karatu, da aure, da dawowa daga Makka. Bikin ranar haihuwa ta makarantar boko da talabijin ya shigo, waya kuma ta ba shi ƙafa, tunda yanzu Facebook ne ke tuna wa abokanka ranar ko kai ka manta.

Malamai sun rabu a kansa. Akwai masu hana shi, suna ganin bidi'a ce da kwaikwayon al'adar da ba ta Musulmi ba. Akwai masu ganin al'ada ce ba ibada ba, don haka abin dubawa shi ne me aka yi a wurin. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, kowa ya san malaminsa. Abin da na lura da shi kawai shi ne da yawa daga cikin masu yin abin a nan sun riga sun lanƙwasa shi ya yi kama da walima: a ci nama, a yi addu'ar tsawon rai mai albarka, a watse. Idan kuma cikin abokanka akwai wanda ba ya zuwa irin wannan taro, kada ka mayar da abin gaba. Aika masa da nasa ƙunshin gida.

Tambayoyin da Musulmi zai yi kafin ya zauna

Teppanyaki abincin manyan birane ne da manyan otal, don haka wanda zai gamu da shi galibi matafiyi ne: ɗan kasuwar da ya je Dubai ko Guangzhou, ɗalibi a Faransa, ma'aikacin da aka tura taro. A nan ne ya kamata a buɗe ido, domin abin da ke sa abincin daɗi a wurinsu shi ne abin da zai iya hana ka ci.

Na farko giya. Girkin Japan ya dogara da sake, giyar shinkafa, da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ƙarfinta ya kai wajen kashi 14 cikin 100. Ana zuba su a romon da ake dangwala nama, ana yayyafa su a kan ƙarfe. Wutar nan da ke tashi ta burge mutane, sau da yawa barasa ce aka zuba aka kunna, har da dutsen albasar da ake jerawa yana fitar da harshen wuta ta tsakiya. Za a ce maka wuta ta cinye giyar. Ba ta cinye ba. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna abincin da aka kunna wa wuta irin haka kan riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasar da aka zuba, domin harshen wutar na mutuwa da wuri. Ko baƙin romon waken suya da ke kan kowane tebur, wanda ake tsimawa watanni, yana ɗauke da 'yar barasa daga tsimin, shi ya sa ake yin wani na daban mai tambarin halal.

Na biyu alade. Ƙarfe ɗaya ne, cokalin suya ɗaya ne, mutum takwas. Idan na kusa da kai ya nemi naman alade, a kan ƙarfen da za a soya shinkafarka za a gasa masa. Taliyar da ake kira yakisoba da wainar okonomiyaki ma galibi da naman alade ake yin su. Na uku yanka: daga ina naman ya fito, wa ya yanka? A Dubai ko Kuala Lumpur wannan ba abin damuwa ba ne ƙwarai, a Tokyo ko Faris kuwa sai ka tambaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ku kama tebur gaba ɗaya ku kaɗai, ku gaya musu tun lokacin kama wuri cewa ba giya ba alade, a wanke ƙarfe, idan kuma ba ku natsu da naman ba ku tsaya kan kifi da kayan teku. A mazhabar Malikiyya da muke bi duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, har da jatan lande. Ɗan Kamaru ma bai kamata ya yi baƙunta da jatan lande ba, tunda daga gare shi ƙasar ta samu suna: Turawan Fotugal da suka shigo bakin kogin Wouri wajen 1472 sun tarar da shi da yawa, suka kira wurin Kogin Jatan Lande da harshensu, Rio dos Camarões.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Abinci na zuwa bi da bi: romo, ganye, jatan lande, kayan lambu, nama, sai soyayyiyar shinkafa da tafarnuwa, don haka kada ka cika ciki da na farko. Za a tambaye ka yadda kake son naman ya gasu. Idan ba ka son ganin ja a ciki ka faɗa kai tsaye, babu kunya. Idan tsinken cin abinci ya gagare ka nemi cokali mai yatsu, amma kada ka soke tsinken a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke yi wa mamaci. Mai mayafi da mai babbar riga su ɗan ja baya idan za a tada wuta. A Japan ba a ba ma'aikaci tukuici, a Amurka kuwa kamar dole ne, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin abinci.

Naman Kobe da naman Gudali

Abin da ke sa takardar kuɗi nauyi shi ne naman. Wagyu na nufin saniyar Japan, naman Kobe kuma ƙaramin rukuni ne a cikinsa: sai saniya ta kasance jinsin Tajima, an haife ta, an kiwata ta, an yanka ta a lardin Hyogo, kuma ta cika sharuɗɗan ƙungiyar da aka kafa a 1983 don kare sunan. 'Yan dubbai kaɗan ne ke cika sharuɗɗan a shekara, saboda haka yawancin abin da ake sayarwa a duniya da sunan Kobe ba shi ba ne. Shanun a garke suke, ana ɗura musu hatsi wajen shekara biyu ko fiye, kitsen ya ratsa cikin tsoka kamar zare a saƙa. Irin wannan nama minti kaɗan yake buƙata a kan ƙarfe mai zafi, kitsen ya narke a ciki, gishiri kaɗai ya ishe shi.

Gudalin Adamawa da jajaye da fararen shanun Mbororo da ake kaiwa kasuwannin Adumri da Ngong ba haka suke ba. Saniyar da ta yi rayuwarta tana tafiya neman ciyawa da ruwa tsokarta a ɗaure take, kitsenta kuma a tozo da ciki yake taruwa. Ɗanɗanonta ya fi ƙarfi, amma idan ka yanka ta da kauri ka ɗora a ƙarfe minti biyar irin na Japan, haƙora za su faɗa maka. Duk dabarun mahautanmu amsa ce ga wannan. Tsire ana fere shi siriri, a shafa mai, a birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli, a kafa tsinkayen kewaye da tukuba wuta na dukansu daga gefe. Balangu ana barin sa ya daɗe a wuta mai sanyi har ya saki. Kilishi, wanda matafiya ke saye a Garwa da Ngaundare su kai tsaraba kudu, ana shimfiɗa tsokar har ta zama kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Mai hankali cikin masu gashi kan saka ɗan tozo tsakanin tsoka da tsoka, wato yana yi da hannu abin da Japanawa ke yi da kiwo.

Ƙamshin kuwa iri ɗaya ne a Kobe da Garwa, domin sanadinsa ɗaya. Idan zafi a fatar nama ya haura digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, sinadaran da ke cikinsa na haɗuwa su ba da launin ƙasa-ƙasa da wannan ƙamshi mai tsayar da mai wucewa. Wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana hakan a 1912. Ruwa ba ya wuce digiri 100, shi ya sa dafaffen nama ba ya ƙamshin gasasshe, shi ya sa kuma jiƙaƙƙen nama ko wanda aka cunkusa da yawa a kasko yake dahuwa maimakon ya gasu. Amfanin kaurin ƙarfen ke nan: yana riƙe zafi, nama mai sanyi ba ya kashe shi.

Yadda za a yi a Garwa

Garwa tana da abin da garuruwa da yawa na arewa ba su da shi, wato nama da kifi a wuri ɗaya. Binuwai na ratsa gefen gari, madatsar Lagdo da aka gama a 1982 kuma ba ta da nisa, daga can giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa ke shigowa. 'Yan Najeriyar da suka zo kallon Super Eagles a filin Roumdé Adjia a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, sun koma da baƙin cikin ci ɗaya da Tunisiya ta yi musu, amma ba a ji sun kushe soya da gasasshen kifin garin ba. Soya shi ne sunan da sauran 'yan Kamaru ke kiran tsire da shi, daga suyarmu ta Hausa, kuma har Duwala da Yawunde galibi 'yan arewa ne ke riƙe da sana'ar.

Wanda ke son tara abokai a bakin wuta yana da hanya biyu. Ko ku je wurin mai gashi, ko ku kira shi gida. Ni na fi son ta biyu, musamman idan akwai mata da yara, ko mutanen da ba sa son zama kusa da mashaya, domin wasu wuraren gashin kifi a jikin mashaya suke. Ka je wurin mahaucin da ka sani kwana biyu kafin ranar, ka gaisa da shi yadda ya kamata, ka ce, "Sarkin Fawa, ina da baƙi goma sha biyu jibi bayan Isha'i, ina son ka zo da yaronka ka gasa mana a gida." Ku yi magana a kan kilo nawa, wane sashe, hanta da ƙoda nawa, wa zai kawo gawayi, nawa ne ladan aiki. Ka ga naman da idonka da safe kafin a shafa masa komai. Ba a cinikin biri a sama.

Lokaci ma abin dubawa ne. A Maris da Afrilu zafin Garwa na haura digiri 40, babu mai zama gaban wuta kafin rana ta faɗi, nama da kifi kuma ba sa jimre jira a irin wannan yanayi. Da damina hukuma kan rufe kamun kifi a Lagdo na wasu watanni don kifi ya hayayyafa, sai ɗanyen kifi ya yi wuya ya yi tsada, wanda ranarsa ta faɗo a lokacin ya koma kan rago ko kaza. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa, da iskar hunturu, zama a bakin wuta shi kansa liyafa ne.

Darasi ɗaya da za a ara daga Japanawa shi ne kawo abinci kaɗan-kaɗan. Mu mun saba a juye komai a tire ɗaya, masu saurin hannu su kwashe tsoka, cikin minti goma an gama, na ƙarshe ya samu albasa. Ka ce wa mai gashi ya fara da hanta da ƙoda, tunda su ke saurin nuna, ya biyo da tsire, sannan kifi, balangu ya zo a ƙarshe, kowane zagaye ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. A ajiye masa ko gurasa ko soyayyiyar ayaba a gefe, da zoɓo mai sanyi, wanda nan ake ce wa folere, sai shayi ya rufe. Da naman da za a cinye a tsaye cikin minti goma, za a yi hirar awa biyu.

Maganar kuɗi ita ke ɓata irin wannan taro, kuma kullum daga rashin faɗa ne. Wani ya zo yana zaton mai biki ne zai biya tunda shi ya gayyata, mai biki kuma yana zaton abokai za su ɗauke masa tunda ranarsa ce. Japanawa suna da kalma, warikan, ta raba kuɗi daidai tsakanin waɗanda suka ci, kuma ba sa jin kunyarta. Mu ma muna da karo-karo da adashi. A naɗa mutum ɗaya ya tara kuɗin kafin ranar, ba a wurin ba. Idan ku goma ne kowa ya ba da jaka biyu, an san jaka ashirin ke hannu, a yanka nama daidai ita. Wanda ba shi da hali a rufa masa asiri, kada sunansa ya fito a jerin waɗanda ba su biya ba. Cin bashi don a ɗauki hoton da za a sa a waya kuwa, ni ban ga ribarsa ba.

Girki a gaban ido yana da fa'idar da ta wuce nishaɗi, kana ganin tsabta ko rashinta. Dubi ko wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama su ake yanka gasasshe da su. Dubi ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke barbaɗa yaji. Naman sa guda idan bayansa ya gasu sosai hatsarinsa kaɗan ne, kaza kuwa dole ta nuna har ƙashi, ba ja ba jini. A guji naɗe nama mai zafi a takardar siminti ko tsohuwar jarida. A tambayi baƙi ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, domin yajin tsire ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa.

Wanda kuma yake son ƙarfen kansa, mai walda zai iya yanka masa baƙin ƙarfe mai kauri, ya sa masa ƙafafu da ɗan baki a gefe don mai kada ya zuba cikin wuta. A kankare shi, a wanke, a shafa man gyaɗa a ƙona shi sau biyu ko uku har ya yi baƙi yana sheƙi, kamar yadda ake yi wa sabuwar tandar masa. Kada a yi amfani da kwanon rufi, domin abin da aka shafa masa don hana tsatsa na fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya ji wuta. Kada kuma a yanka duron da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, musamman a ƙasar auduga irin tamu inda mazuban maganin feshi ke yawo a kasuwa. Gawayi kuma a tsakar gida ake hura shi, ba a cikin ɗaki ba, ko da sanyin Janairu ya matsa.